Kurakuran da matasanmu ke yi in an ce "an gano ƙasusuwan Yesu"

Duk shekara da Ista ta matso sai bidiyon nan ya dawo WhatsApp, wai an gano kabarin Yesu da ƙasusuwansa a ciki, kuma duk shekara sai in ga yaranmu na zumuntar matasa a nan Zuru suna faɗawa rami ɗaya, na gaji da bin mutum ɗaya-ɗaya ina gyara.

Bari in fara da wanda ya ƙona ni. Lokacin ina koyarwa a Birnin Kebbi wani abokin aikina ya nuna mini bidiyon, ba da raini ba, so yake ya ji amsata. Ni kuwa da zafin kishi sai na tura masa labarin Ba'amurken nan da ya ce ya gano akwatin alkawari a Urushalima, har da busasshen jinin Yesu a kai, wai an kai gwaji an ga jinin na da rai. Bayan kwana biyu ya dawo ya ce, Malam wane ɗakin gwaji ne, ina takardar, ina akwatin yanzu? Ba ni da ko ɗaya. Da na bincika sai na tarar mutumin ma ba masanin tonon tarihi ba ne, ma'aikacin jinya ne, kuma har ya rasu bai nuna wa duniya akwatin ba. Daga ranar abokin nan bai sake tambayata komai kan bangaskiyata ba, har yau abin na ci mini rai. Shi ya sa in na ga ɗayanku ya tura wannan labarin a guruf raina ke ɓaci. Haba 'yan'uwa! Ta yaya za ka kare Mai Gaskiya da ƙarya? An hana mu shaidar zur, ba a ce sai dai in don Yesu ba ne. Ni yanzu ba na tura komai sai ya kwana, sai na san wa ya tono, wace shekara, kuma ina abin yake yau.

Na biyu, kuna gardama kan abin da ba ku karanta ba. Kabarin a unguwar Talpiot yake a Urushalima, magina ne suka ci karo da shi a 1980, wani fim na 2007 da ya ce kabarin iyalin Yesu ne, shi ya sa ya yi suna. Yahudawan lokacin sukan bar gawa kamar shekara guda, sannan su tara ƙasusuwan a ƙaramin akwatin dutse. Goma aka samu a wurin, shida da rubutu, ɗaya ana karanta shi "Yeshua ɗan Yusufu", akwai Maryamu, akwai "Yahuda ɗan Yeshua". Toh, ka shiga zumuntar mata ranar Alhamis ka kira Maryamu ka ga mutum nawa za su waiwayo. Can ma haka ne, kusan mace ɗaya cikin huɗu ko biyar sunanta kenan, Yeshua da Yusufu kuma gama-gari ne. Amos Kloner, ɗaya daga masanan da suka yi aikin kabarin tun farko, shi da kansa ya ƙi yarda da batun fim ɗin. Sannan irin wannan kabarin dutse na masu hali ne, iyalin kafinta daga Nazarat me zai ba su shi a Urushalima, bayan Yesu ma a kabarin Yusufu na Arimatiya aka sa shi?

Sauran ƙanana ne. Kar ka jingina da likkafanin Turin, wanda ake cewa a ciki aka naɗe gawar Yesu, gwajin 1988 ya ce tsakanin 1260 da 1390 aka yi shi. Dutse mai ɗauke da sunan Bilatus da aka samu a Kaisariya a 1961 ya nuna an yi Bilatus, bai nuna tashin matattu ba, daina cewa ya "tabbatar". Zagi a kwament kuma ka bari, makwabtanmu Musulmi suna karantawa.

In an ce maka Romawa ba sa barin a binne wanda aka gicciye, ga abin da nake kawowa: a 1968 an tono akwatin ƙasusuwan wani Yehohanan a Urushalima, ƙusa na nan a diddigensa, an gicciye shi kuma an binne shi a kabarin iyali. Daga nan sai in ce mu zauna, in buɗe 1 Korintiyawa 15 mu karanta tare daga aya 3 zuwa 8, inda Bulus ya jera waɗanda suka ga Yesu bayan tashinsa: Kefas, wato Bitrus, da sha biyun, da 'yan'uwa fiye da 500 waɗanda ya ce yawancinsu suna da rai a lokacin da yake rubutun, sai in yi shiru in bar mutumin ya yi tambayarsa.