Shawara ga masu sana'ar hannu na Kaduna

Salam 'yan uwa, musamman dukawa da masaƙa da masu sassaƙa na wajen gidan tarihi a titin Ali Akilu. Wallahi abin na damuna yadda wurin ya yi shiru, alhali jirgin ƙasa na Abuja na sauke baƙi a tashar Rigasa tun 2016.

Shawarata, ku daina ɓoye aikin a bayan shago. Baduku ya fito da fatarsa da basilla bakin ƙofa yana ɗinki ana gani, wanda ya tsaya kallo minti biyar da wuya ya tafi hannu rabbana. Kuma don Allah a liƙa farashi jikin kaya, baƙo da yawa kunyar ciniki yake ji, yana tsoron a tsuga masa kuɗi sai kawai ya ce zai dawo kuma ba dawowar zai yi ba. A tanadi POS ko lambar akawun, yanzu wa ke yawo da tsabar kuɗi.

A yawaita ƙananan kaya, alabe, faifai, 'yar ƙwarya mai zane, abin da zai shige jakar matafiyi. Sannan ku haɗu ku je otal-otal da wurin shaƙatawa na Gamji ku roƙi ɗan tebur ranar Asabar, ku riƙa karɓa-karɓa wajen tsaronsa.