Yadda ake fesa tsutsotsin nimatod a gonar tuffa ba tare da an ɓata rayuwar ƙasa ba

Yawancin masu fara amfani da nimatod masu kashe ƙwari suna yi musu riƙon garin maganin feshi: su dama da rana tsaka, su fesa a kan busasshiyar ƙasa, bayan mako biyu kuma su ce jabu aka sayar musu. Alhali abin da ke cikin ledar siraran tsutsotsi ne masu rai, waɗanda tsawonsu bai kai milimita ɗaya ba. Suna shiga jikin ƙwaro ta baki ko ta dubura ko ta kafofin numfashi, su saki bakteriyar da suke ɗauke da ita, ita kuma ta kashe shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Da farko a san ƙwaron da ake nema da inda yake ɓuya. A gonakin tuffa na Turai da jihar Washington ta Amurka, babban abokin gaba shi ne Cydia pomonella, wata 'yar malam-buɗe-littafin dare wadda tsutsarta ke cin cikin tuffa, idan ta girma ta bar 'ya'yan itacen, ta naɗe kanta cikin saƙa a tsagar ɓawo ko a gindin bishiya har sanyi ya wuce. A lokacin kaka ake riskarta. Idan zafi ya haura digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, nau'in nimatod mai suna Steinernema carpocapsae ta wadatar, idan kuwa ya sauko kusa da digiri 10, sai Steinernema feltiae. Shawarata a tsaya ga nau'in da dama yake rayuwa a ƙasar yankin, ko da an tallata baƙon nau'i da araha, domin abin da aka saka cikin ƙasa ba a iya tsince shi.

Leda tana isowa a sa ta a firij, kada ta daskare, kuma a yi amfani da ita duka a rana ɗaya da zarar an buɗe. Adadin da aka saba bayarwa shi ne kimanin biliyan 2.5 a hekta, wanda ba ƙaramin kuɗi ba ne, shi ya sa mai ƙaramar gona gara ya fesa kututture da da'irar gindi kawai, ya bar tsakanin layuka.

Wurin da aikin yake lalacewa shi ne ruwa. Nimatod ba sa tafiya sai cikin ɗan siririn ruwan da ke lulluɓe da ƙasa ko ɓawo, kuma hasken rana da bushewa suna kashe su cikin ɗan lokaci. Don haka a jiƙa kututture da ƙasa sharkaf kafin feshi, a fesa da yamma liƙis ko a ranar da ake yayyafi, sannan a ci gaba da ba da ruwa kaɗan-kaɗan domin ɓawon ya kwana da danshi, aƙalla awa takwas. Mutane sukan jiƙa kafin feshi su manta da na bayansa, iska ta busar da ɓawon kafin tsutsotsin su kai ga tsagar da ake so. A cire matatan injin feshi masu ƙananan ramuka, a wanke tankin daga ragowar maganin ƙwari, a yi ta motsa ruwan domin suna kwanciya a ƙasan tanki, har bishiyoyin farko su sha da yawa, na ƙarshe su sha ruwa zalla. Kada kuma a bar damammen ruwan ya yi sa'o'i a tsaye, iskar da ke cikinsa tana ƙarewa.

Game da sauran halittun gona, ba su cutar da mutum, dabbobi, tsuntsaye, tana ko bishiyar kanta, kuma a Amurka ba a ma buƙatar yi musu rajistar da ake yi wa magungunan ƙwari. Yawansu yana zubewa cikin 'yan makonni, domin fumfuna masu kama nimatod da ƙananan halittun ƙasa suna cinye su. Duk da haka ana iya yin ɓarna. Ƙananan zanzaro masu amfani, waɗanda 'ya'yansu ke girma cikin jikin tsutsar tuffa, suna mutuwa tare da ita idan nimatod suka shige ta. A gonakin lemo na Fulorida kuma, inda ake zuba Steinernema riobrave kan ƙwaron saiwa Diaprepes abbreviatus, masu bincike sun lura cewa zubawar tana iya ƙara fumfunan da ke farautar nimatod, har nimatod na asalin wurin su ragu na wani lokaci. Saboda haka ba a maimaita feshi don kawai akwai ragowar leda, kuma ba a kai shi kan furanni inda ƙudan zuma ke sauka.

Bayan mako guda a ɓamɓare ɓawo a duba. Tsutsar da Steinernema ta kashe takan koma ruwan ƙasa mai haske, ba ta ruɓewa da wari, wadda ɗaya dangin nimatod mai suna Heterorhabditis ta kashe kuwa ja take zama kamar jan bulo. Mai lambun mangwaro a ƙasarmu da ƙudan Bactrocera dorsalis ya addaba zai iya bin wannan tsarin a ƙarƙashin inuwar bishiya, tunda tsutsar ƙudan tana faɗowa ƙasa ne kafin ta rikiɗa, kuma an gwada nimatod na gida a kanta a Jamhuriyar Benin, sai dai zafin ƙasarmu zai tilasta masa shimfiɗa ciyawa da ban-ruwa fiye da mai tuffa.