Kurakuran da ke kayar da ɗalibai a darasin semikondakta, da yadda ake gyara su

Wata Asabar bayan la'asar, wani ƙanena daga Aboabo, wanda ke karatun injiniyan lantarki a jami'ar KNUST da ke Kumasi, ya zo mini da takardarsa. An ba su lissafin faɗin yankin nan da ke tsakiyar dayod, 'yar na'urar nan ta semikondakta irin silikon mai barin wuta ta bi hanya ɗaya, inda ɓangaren p (wanda aka barbaɗa wa boron) ya haɗu da ɓangaren n (wanda aka barbaɗa wa fosforos). Ya cika shafi biyu cur, ya ja layi ƙarƙashin amsa: milimita 0.33.

"Yaya, duba mini ko daidai ne."

Na ce, "Kai a ganinka fa?"

Ya ce ai fomular littafi ya bi, bai tsallake komai ba. Gaskiyarsa, fomular ya bi. Sai dai amsar gaskiya maikuron 0.33 ce, tasa ta ninka ta sau dubu. Yanki ne da silin gashin kai ya fi shi kauri fiye da sau ɗari, shi kuwa ya ba shi kaurin takarda uku, kuma ko gezau bai yi ba. Rashin gezau ɗin ya fi damuna a kan kuskuren.

Abin da ya faru ƙarami ne. Littattafan wannan fanni da santimita suke aiki, yawan ilekturon ma a kowace santimita kubik ake ƙirga shi. Shi kuma ya ɗauko 8.85×10⁻¹², lambar nan ta fomular da ake kira ε₀, da ya haddace tun sakandare, wadda ta mita ce, ya zuba cikin lissafin santimita, a ƙarshe ya kira amsar mita. Wadda ta dace ita ce 8.85×10⁻¹⁴, a ninka da 11.7 na silikon. Maganin: rubuta ma'aunin kowace lamba kusa da ita a kowane layi, ko da kana ganin ɓata tawada ne. 'Yan uwan wannan kuskure biyu ne. Akwai saka 27 a gurbin zafi maimakon 300, domin da Kelbin ake lissafi. (Wannan 300 ɗin da littafi ke kira zafin ɗaki, mu a Kumasi hantsi ne mai daɗi.) Akwai kuma danna log a kalkuleta inda aka ce ln. A lissafin ƙanena na boltejin da ke cikin mahaɗar p da n, ln na ba da bolt 0.77, log kuwa 0.34. Maɓalli ɗaya, maki goma sun tafi.

Amma babbar cutar ita ce hadda ba tare da sanin girman abubuwa ba. Lambobi kaɗan ne ya kamata su zauna maka kamar kuɗin turoturo daga Tech zuwa Kejetia. Tazarar kuzari, wato kuzarin da ilekturon ke bukata kafin ya samu yawo, ta silikon 1.12 eV (ilekturon-bolt) ce, ta jamaniyom wajen 0.66, ta galiyom asenaid 1.42. Ƙimar kT/q, wato boltejin da zafi ke bayarwa a fomula, a zafin ɗaki milibolt 26 ce, kusan. Santimita kubik ɗaya ta silikon na ɗauke da atom 5×10²², amma in tsantsa ce, ilekturon masu yawo ba su wuce wajen 10¹⁰ ba. In an barbaɗa mata fosforos 10¹⁶, atom ɗaya ke nan cikin miliyan 5, bai kai gishirin miya ba, amma ilekturon masu yawo sun ninku sau miliyan. Wanda ya riƙe waɗannan, da ya ga amsa ta kauce zai ji a jikinsa. A kan yawan ilekturon na tsantsar silikon, za ka tarar wani littafi ya ce 1.5×10¹⁰, wani ya ce 1.0×10¹⁰. Kada ka tada jijiyar wuya: ɗauki wadda malaminku ke amfani da ita, ka rubuta ta a saman takarda.

Sai batun gurbi, wanda nake ganin a nan aka fi yin tuntuɓe. Ɗalibai da yawa sun ɗauka wani ɗan ƙwayar abu ne mai cajin fozitib, har wasu na cewa furoton ne ke tafiya. Furoton na nan daram cikin atom. Ka tuna sallar Juma'a: wani ya fita daga sahun gaba, na bayansa ya matsa ya cike, na bayan wancan ma ya matsa. Mutane gaba suke yi, gurbin kuwa baya yake tafiya har ya kai ƙofa. Haka gurbi yake a silikon da aka sa wa boron: ilekturon ne ke matsawa, mu kuma muna bin sawun wurin da babu kowa don ya fi sauƙin ƙirgawa. Tafiyarsa ta fi nauyi, ilekturon ya fi shi sauri kusan sau uku a silikon.

Daga nan wani kuskuren ke fitowa, wai nau'in n yana da cajin negatib. Babu. Kowane ilekturon da fosforos ya saki ya bar atom mai cajin fozitib a kafe, lissafi ya tashi babu. Caji ba ya bayyana sai a mahaɗa, inda ilekturon da gurabe suka bazu suka cinye juna, aka bar atom ɗin da ba sa motsi. Ni kufai nake kiran wurin, gari ne da mutanensa suka tashi aka bar gine-gine. Kuma kufan ya fi shiga ɓangaren da aka yi wa barbaɗe kaɗan. A tambayar ƙanena, p na da 10¹⁷, n na da 10¹⁶, don haka kashi goma cikin goma sha ɗaya na faɗin yana ɓangaren n. Shi rabi da rabi ya zana.

Zane ma kansa ana gudunsa. Ana ganin zanen matakan kuzari kamar ado ne, a tsallake a tafi fomula. Ni ma haka na yi har sai da jarrabawa ta koya mini hankali. Fara da matakin Fermi, layin da ke nuna inda cikar ilekturon ta kai: in ba a jona komai ba, miƙaƙƙen layi ne daga wannan gefe zuwa wancan. Ja shi da rula tukuna, sannan ka lanƙwasa sauran su bi shi. In ka ga naka ya karkace alhali babu batir, goge.

Shi wancan bolt 0.77 da ke cikin mahaɗa, kada ka ɗauko mitar awon bolteji ka ce za ka auna shi. Sifili za ka gani, domin inda ƙarfe ya taɓa silikon a gefe biyu akwai wani bambancin da ke share shi. Da ana iya jan wuta daga nan, da tuni mun cika buhu da dayod mun yi sallama da dumsor, wato ɗauke wutar nan ta Ghana.

Akwai kuma maganar "dayod na buɗewa a 0.7". Masu gyaran waya a Adum da ita suke aiki, kuma tana yi musu, ba na raina ta. Amma a jarrabawar wannan darasi za ta kunyata ka. Dayod ba ƙofa ba ce. Tun ƙasa da haka wuta na wucewa, kuma a dayod na littafi duk ƙarin milibolt 60 na ninka ta sau goma. In zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, boltejin da ake bukata don wuta iri ɗaya na sauka da wajen milibolt 2.

Masu gaggawar zuwa babin taransista, ku dakata. Gaskiya ne Bardeen da Brattain sun haɗa ta farko a Bell Labs ta Amurka a 1947, kafin Shockley ya fitar da bayanin mahaɗar p da n a 1949. Amma irin taransistar da ke littafinku mahaɗa biyu ce baya da baya, wani irin kuma mai suna MOSFET, wadda Atalla da Kahng suka ƙera a 1959, duk lanƙwasar matakan kuzari ce. Wanda babin dayod bai zauna masa ba, a can ma zai yi ta lalube.

Ƙanena ya sake lissafin a bayan takardar, wannan karon da ma'auni a kowane layi, ya samu 3.3×10⁻⁵ santimita. Ya ɗago ya ce, "Yaya, wannan ai ko ido ba ya gani." Na miƙa masa rula, na ce saura zanen.