Yadda za ka auna ƙarfin ƙungiyar besbol kafin kaka ta fara

Idan kana so ka san inda ƙungiyar da kake goyon baya za ta tsaya a babbar gasar besbol ta Amurka, ka fara da duba masu jefa ƙwallo, domin wasanni 162 ake bugawa a kaka ɗaya, kuma hannun mai jifa ne yake fara gajiya. Ka ƙidaya masu jifa biyar da ƙungiyar ta dogara da su wajen fara wasanni bi da bi, ka binciki tarihin raunin kowannensu, sannan ka tambayi kanka wa zai cike gurbi idan biyu suka kwanta jinya a watan Yuli. Los Angeles Dodgers ta nuna muhimmancin hakan a 2025, lokacin da mai jifanta Yoshinobu Yamamoto ya samo mata nasara uku cikin huɗun da ta yi a kan Toronto Blue Jays ta ɗauki kofi.

Daga nan ka koma ga masu bugu. Kada sunan tauraro ɗaya ya ɗauke maka hankali, ko da Shohei Ohtani ne, wanda ya fitar da ƙwallo daga fili sau 54 a 2024. Ka dubi na bakwai, na takwas da na tara, wato na ƙarshe a jerin masu bugu, domin a nan rauni yake ɓuya.

Amma ka bambanta doguwar kaka da wasannin Oktoba, wato zagayen sili-ɗaya-ƙwale na neman kofi. A 2022 Dodgers ta ci wasanni 111, duk da haka San Diego Padres ta fitar da ita cikin wasanni huɗu kacal.