Bayan an ce "Na amsa": kurakuran da ake yi wajen janye amsa laifi

A kotunan majistare na Gusau ko Talata Mafara, sau da yawa magana ɗaya ce wani ke raɗa wa wanda ake tuhuma a bakin ƙofa: "Amsa kawai, tara za a ci ka, ka kwana gida." Ana karanta masa takardar FIR, wato rahoton farko na 'yan sanda kan laifin, da Turanci, ya gyaɗa kai, sai ya ji alƙali na maganar watanni. A nan 'yan uwa ke fara tambaya ko ana iya janyewa. Ana iya, amma lokaci ne ke yanke komai.

Babban kuskure shi ne yin shiru har alƙali ya yanke hukunci. Kafin hukunci, kotun da ta karɓi amsarka na iya barinka ka sauya ta. Da an yanke, hannun alƙalin ya fita, sai ɗaukaka ƙara. Saboda haka idan an ɗage zama, ka miƙe a zama na gaba ka ce: "Ranka ya daɗe, ina neman janye amsata," kuma ka nemi a rubuta a littafin kotu. Kotun sama littafin nan kaɗai za ta duba, ba abin da ka gaya wa rajistara a baranda ba.

Sai dalili. Janyewa ba haƙƙi ba ne da ake karɓa da baki kawai, alƙali zai auna. "Na canza shawara" ba ta kai ko'ina. Abin da ke da nauyi shi ne ba ka fahimci tuhumar ba, ko an matsa maka, ko amsar ba cikakkiya ba ce. Sashe na 36(6) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce a sanar da mutum laifinsa da harshen da yake ji, a ba shi tafinta kyauta, kuma ya ɗauki lauyan da yake so. Wanda ya ce "Eh, na ɗauki babur ɗin, amma aro aka ba ni" bai amsa sata ba, ko da an rubuta ya amsa. A laifin da hukuncinsa kisa ne ma, dokar gudanar da shari'ar laifuka (ACJA) ta tarayya ta 2015 ta ce kotu ta rubuta cewa mutum bai amsa ba ko da ya amsa.

Wasu na cuɗa amsar kotu da bayanin da suka sa wa hannu a caji ofis. Janye amsa ba ya goge wancan bayani. Idan da duka aka karɓe shi, ka faɗa a daidai lokacin da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar, kotu ta tsaya ta bincika a ƙarƙashin sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011.

A kotun Shari'a, wadda Zamfara ta faɗaɗa wa hurumin laifuka a 2000, fiƙihun Malikiyya ya yarda mutum ya janye iƙirarinsa a haddi irin na zina ko sata, haddin ya faɗi idan babu wata hujja. Wannan na cikin dalilan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta sallami Amina Lawal, matar da aka yanke wa hukuncin jefewa kan zina, a 2003. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne zaton haƙƙin ɗan Adam ma ya faɗi. A'a, wanda ya yi iƙirarin satar saniya ya janye, hannunsa na iya tsira, amma mai saniya na bin sa.

Ni abin da ya fi ba ni takaici shi ne makonnin da iyali ke ɓatawa suna zaryar gidan hakimi ko wani mai faɗa a ji don a "yi magana da alƙali". Kwana 30 ne wa'adin ɗaukaka ƙara daga majistare zuwa Babbar Kotu, kuma ba ya jiran kowa. Daga Babbar Kotu kuma sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Sakkwato, wadda ke kula da Zamfara da Kebbi. Idan wa'adi ya wuce, sai an roƙi ƙarin lokaci da takardar rantsuwa mai bayanin jinkirin. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa, ya kuma fara neman kwafin shari'ar daga rajistara tun ranar hukunci, don shi ne abu na farko da lauya zai tambaya.