Yadda Za Ka Ga Birnin Granada na Sifaniya Cikin Yini Ɗaya

1. Sayi tikitin shiga Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi da ke kan tudu, ta intanet tun da makonni, yakan ƙare da wuri. Da sunanka ake fitar da shi, don haka fasfo ya kasance a aljihunka.

2. Duba lokacin da aka rubuta maka na shiga Fadar Nasrid, wani sashe a cikin Alhambra. Nan mutane ke yin asara: in ka makara ba za a bar ka ka shiga ba, kuɗin kuma sun tafi. Isa layi minti 15 kafin lokaci.

3. Hau ƙaramar bas C30 daga dandalin Isabel la Católica zuwa Alhambra, don tudun da wuyar hawa. Ware awa uku don zagaya Alhambra.

4. Da la'asar haura unguwar Albaicín. Masallacin da aka buɗe a 2003 yana gefen cocin San Nicolás, daga lambunsa za ka ga ganuwar fadar ta yi jawur da faɗuwar rana.