Yadda ake musun wa zai kashe wa tsakanin zakarun boksin da ba su yi zamani ɗaya ba

Na daɗe ina zama a majalisar da ba a rabuwa da musun dambe, kuma kuskuren sababbin shiga iri ɗaya ne kullum. Yaro zai kalli bidiyon minti uku na Mike Tyson yana zubar da mutane, ya zo ya ce ba a haifi wanda zai tsaya a gabansa ba. Dattijo kuma ya ce Muhammad Ali ne, magana ta ƙare, domin da kunnensa ya ji labarin damben Kinshasa na 1974 a rediyo. A yi ta ɗaga murya har shayi ya huce, a watse ba wanda ya ƙaru da komai. Musun nan akwai daɗi in an iya shi, kuma yana da hanya. Ba zan tsaya bayanin turmi ko yadda alƙalai ke ba da maki ba, wanda ya zo nan ya wuce wannan.

Kafin ka buɗe baki, liƙa wa kowane suna shekara. A wurina wanda ya ce "Ali da Tyson" bai faɗi shekara ba, bai fara musu ba tukuna. Ali na 1966, wanda ya gama da Cleveland Williams a turmi na uku a Houston, da ƙafa yake dambe, kafin ka kai hannu ya bar wurin. A 1967 aka ƙwace kambunsa saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, ya yi shekara uku da rabi ba dambe. Wanda ya dawo ya jingina da igiya a Kinshasa, ya bar George Foreman ya gajiyar da kansa sannan ya kashe shi a turmi na takwas, wani mutum ne daban mai shekara 32, ƙafa ta ragu, wayo da juriya sun ƙaru. Haka Tyson. Na 1986 zuwa 1988, wanda ya karɓi kambu a hannun Trevor Berbick yana ɗan shekara 20, ya kuma gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91, kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma naushinsa a jere yake zuwa. Bayan ya rabu da kocinsa Kevin Rooney sai ya koma shigowa a miƙe yana neman naushi guda, shi ne Buster Douglas ya kashe a Tokyo a 1990.

A nan ake yin maguɗi, sai ka sa ido. Mutum zai ɗauko gwaninsa a darensa mafi kyau, ya haɗa shi da naka a ranar da tsufa ya kama shi. Kada ka yarda, kai ma kada ka yi. Larry Holmes ya doke Ali a 1980, Ali na da shekara 38. Tyson ya kashe Holmes a 1988, shi ma Holmes na da 38, kuma daga ritaya ya fito. Rocky Marciano ya fitar da Joe Louis ta tsakanin igiya a 1951, Louis na da 37. Duk waɗannan damben sun faru da gaske, amma ba su da amfani a musun da muke yi. In wani ya kawo su hujja, ka ce ya ajiye.

Abu na biyu, ku yi yarjejeniya kan dokar da za a yi damben da ita. Turmi 15 ake yi a damben kambu har farkon shekarun 1980. Bayan ɗan damben Koriya ta Kudu Duk Koo Kim ya rasu sakamakon karawarsa da Ray Mancini a 1982, hukumar WBC ta rage zuwa 12, sauran suka bi daga baya. Kada ka raina turmi ukun nan. A 1952 Jersey Joe Walcott yana gaban Marciano a takardun alƙalai duka uku, sai a turmi na 13 Marciano ya same shi da dama. Da dokar yau ce, da Walcott ya tafi gida da kambunsa. A 1941 Billy Conn yana gaban Joe Louis a takardun alƙalai biyu bayan turmi 12, shi ma a na 13 ya faɗi. In kun koma baya sosai, damben Jack Johnson da Jess Willard a Habana a 1915 turmi 45 aka tsara, ya ƙare a na 26. Lokacin da Jack Dempsey ya kayar da Willard sau bakwai a turmin farko a 1919, ba a tilasta masa komawa kusurwa ba, tsayawa yake a kansa, yana ɗagowa ya ƙara masa. Ku kuma faɗi irin alƙalin wasan da za a sa: mai raba mutane da sun ƙanƙame juna, ko mai barin su su yi aiki a kusa. Wladimir Klitschko ya ci moriyar ƙanƙamewa da danne ƙaramin mutum, Joe Frazier kuwa abincinsa yana kusa da ƙirji. Ni turmi 15 nake sawa kullum, ban yarda da musun da aka yi a kan 12 ba.

Yanzu mu zo inda ni kaina na faɗi, kuma nan ne zan daɗe. Shekarun baya na shiga musun Ali da Tyson da hujjar da nake ganin ba ta karyuwa. Na ce Foreman ya kayar da Frazier sau shida a Kingston a 1973, ya gama da shi a turmi na biyu, ya yi wa Ken Norton haka a Karakas a 1974, ga Sonny Liston da kowa ke tsoro, kuma Ali ya doke Liston da Foreman duka, to me Tyson zai zo da shi? Wani dattijo da ba ya yawan magana ya ce, "Malam, a cikin waɗanda Ali ya kara da su, wa ya fi kama da Tyson a jiki da salon shigowa, Foreman ko Frazier?" Na yi shiru, domin na san amsar. Frazier ne gajere mai sunkuyawa, mai naushin hagu na gefe, kuma shi ne ya kayar da Ali a turmi na 15 a watan Maris na 1971, ya ci damben. Norton kuma, wanda Foreman ya share cikin turmi biyu, shi ne ya karya wa Ali muƙamuƙi a 1973. Abin ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki.

Lissafin "wane ya doke wane, shi kuma ya doke wane" ba ya aiki a dambe, waɗannan mutum huɗu kaɗai sun isa shaida. Abin da za ka yi shi ne ka bincika tarihin kowannensu, ka nemo abokin karawar da ya fi kama da wanda kuke son haɗa shi da shi, ka ga me ya faru. A ɓangaren Ali za ka ga naushin hagu na gefe ya sha samunsa: Sonny Banks ya kayar da shi da shi a 1962, Henry Cooper a Landan a 1963, Frazier a 1971. Tyson kuwa yana da wannan naushin, kuma ya fi Frazier saurin fara wuta. Wannan maki ne ga masu Tyson, ka ba su, kada ka yi gardama a kai. Akwai Floyd Patterson, wanda Cus D'Amato ya horar da irin salon da ya koya wa Tyson, Ali ya doke shi a 1965 da 1972, sai dai Patterson ƙarami ne, kuma a na farkon yana fama da ciwon baya, don haka kada ka ɗora masa nauyi da yawa.

Sai ka juya ɓangaren Tyson. James Tillis, mai yawo da ƙafa, ya kai shi turmi goma a 1986. Tony Tucker ya kai shi 12 a 1987. Douglas ya yi ta zungurarsa da hagu yana hana shi shigowa. Evander Holyfield a 1996 ya ƙi tsorata, ya riƙa tura shi baya. Ga kuma abin da na fi ba wa muhimmanci: duk damben da aka kai Tyson ƙasa, bai tashi ya ci ba, Ali kuwa ya tashi daga naushin Banks da na Cooper ya ci. Da haka za ka iya cewa turmi huɗun farko hatsari ne babba ga Ali, in ya tsallake su dambe ya koma hannunsa. Ka ga yanzu kana bayanin yadda damben zai gudana ne, abin da za a iya amsa maka da hujja.

Wannan aikin ba ya yiwuwa da gajerun bidiyo. Masu haɗa su kisa kawai suke tarawa, ba za su nuna maka turmin da gwaninka ya rasa dabara ba. Dole ka kalli cikakken dambe, kuma ka fara da waɗanda gwaninka ya sha kaye. Na san data na da tsada, damben turmi 15 yakan kai awa guda. Ka sayi ta dare mai rahusa, ka rage ingancin hoton a YouTube, ka sauke uku ko huɗu ka ajiye. Kashe muryar masu sharhi, suna ja wa mutum ra'ayi. Fim ɗin zamanin Johnson da Dempsey kuma da kyamarar da ake juyawa da hannu aka ɗauka, shi ya sa motsin yake fizge-fizge, kada ka yanke wa mutanen hukunci a kan haka.

Maganar girman jiki za ta taso, ba makawa. Marciano kilo 84 zuwa 85 yake, yau ajin da ke ƙasa da na masu nauyi zai shiga, wanda iyakarsa ta kai kusan kilo 91. Lennox Lewis ya haura kilo 110, ga tsawo ga dogon hannu, kuma ya iya amfani da su. Ban ga yadda Marciano zai isa gare shi ba, duk da tarihinsa na dambe 49 ba kaye ko ɗaya. Amma kada ka mai da sikeli alƙali. Joe Louis bai kai kilo 90 ba ya kashe Primo Carnera mai kusan 118 a 1935. Oleksandr Usyk, wanda tsawonsa da tsawon hannunsa daidai suke da na Ali, ya doke Anthony Joshua sau biyu, ya doke Tyson Fury a Riyadh a 2024 duk da Fury ya fi shi da kusan kilo 18. Tambayar ita ce ko ƙaton ya iya dambe irin na Lewis, ko girman ne kawai. Masu cewa 'yan yanzu sun fi na da komai, ka tuna musu Foreman ya dawo ya kai Holyfield turmi 12 a 1991, ya karɓi kambu a hannun Michael Moorer a 1994 yana da shekara 45. Kuma kada ku shiga batun "da an haifi Louis yanzu, da abincin zamani ya ƙara masa girma". Wannan wani mutum ne kuke ƙirƙira, ku ɗauko shi yadda yake.

Daga nan sauran mai sauƙi ne. Kada ka ƙirga kambu, yanzu hukumomi huɗu ke rabawa, a zamanin Louis kambu ɗaya ne, kuma ya kare shi sau 25. Kada ka jingina da wasan kwamfuta. An gwada tun 1970, aka nuna wa Amurkawa Marciano ya kashe Ali a turmi na 13, ba wanda ya daina musu saboda haka. In Joshua ne a ciki, ka cire son kai na cewa jininsa na Najeriya ne, ka kalli dambensa na farko da Andy Ruiz a 2019 tukuna. Hukuncinka kuma ka faɗe shi cikin goma: in sun kara sau goma, Ali na 1966 ya ci Tyson na 1988 sau bakwai, a turmi 15. Oliver McCall da Hasim Rahman kowanne ya kashe Lewis da naushi guda, don haka a ajin masu nauyi ba a cewa goma cikin goma.

In kuna son gwaji a majalisarku, ku bar Ali da Tyson, an gaji da su. Ku ɗauki Holmes na 1980 da Lewis na 2000. Ni Holmes nake ba shida saboda hagunsa ta fi sauri, amma Earnie Shavers ya kai shi ƙasa da dama a 1979, Renaldo Snipes ma da dama a 1981, kuma damar Lewis ta fi tasu tsawo.